Jan Maɓalli a Shafin Ƙarshe

Shagari Low Cost, Jimeta
Farkon watan Agusta

Zuwa ga Adda Kellumi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Mele da yara da jikoki. Yaya ruwa? Mu nan ya ishe mu, kullum tsakar gida a jiƙe. Shi ne ma ya kayar da ni a bakin famfo, na san maigidana Zadok ya ba ki labari. Ƙafar tana cikin siminti har gwiwa, likita ya ce in zauna wuri ɗaya, abin da ban taɓa iyawa ba tun ina yarinya. Na san ba kya son doguwar magana a waya, kin ce waya ta gaisuwa ce, shi ya sa na ɗauki biro kamar lokacin da nake ƙaramar malama a ƙarƙashinki. Zadok zai riƙa ajiye miki takarda a hanyarsa ta zuwa aiki.

Adda, alfarma nake nema. Kin san aikina yanzu shirya kwas ne na intanet, irin wanda mutum zai buɗe a wayarsa, ya saurara, ya amsa tambayoyi, a ƙarshe a ba shi takardar shaida. To ƙungiyarmu ta ce daga zango mai zuwa, duk matar da ke dafa wa yara abinci a makarantun da muke ciyarwa sai ta yi kwas ɗin tsaftar abinci kafin a sabunta mata aiki. Kuma kwas ɗin da Turanci yake! Na tsaya a gaban shugabanmu, Mista Fredrick, na ce, "Oga, a cikin masu tuƙa tukunyar nan, nawa ne ke jin Turanci?" Na yi ta damunsa har ya gaji ya ce in yi na Hausa. Amma da sharaɗi: sai an gwada shi da masu girkin kansu, rahoton kwamfuta ya nuna sun kammala, sannan a wallafa. In bai nuna ba, na Turancin kaɗai za a saki, wadda ba ta iya ba sai dai ta yi haƙuri.

Na gama shi. Ni na rubuta, ni na jera hotuna a manhajar, kuma muryar da za ki ji tawa ce, don Allah kada ki yi dariya. Kafin in faɗi na ɗauke ta, a ɗakin ajiya, tsakanin buhun masara da akwatuna, don nan ne kaɗai ba a jin ruwa a kan kwano da zakaran maƙwabta.

Na san akwai masu girkinmu a ajinki na yaƙi da jahilci na yamma. Da ƙafata lau, da na zo na zauna a bayansu ina kallo, haka ake gwaji. Tunda ba hali, ki zama idona. Na turo miki adireshin shafin ta waya. Kada ki taimaka wa kowa sai ta maƙale, kuma duk inda suka yi tuntuɓe ki gaya min. Ki fito da jan biron nan naki, na san bai bushe ba.

Ki gaida min Malam da kyau.

Ƙanwarki,
Edith

*

Makama, Yola Gari

Zuwa ga ƙanwata Edith,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi miki sannu da jiki. Allah ya sawwaƙe, ya tashi kafaɗarki. Malam yana gaishe ki. Ki zauna inda aka ce ki zauna, gidan ba zai rushe ba don Zadok ya dafa shinkafa. Wasiƙarki ta iso, kuma na lura rubutunki yana nan yadda na bar shi, bai gyaru ba.

Mun yi gwajin ranar Alhamis bayan la'asar. Sabis ba ya shiga zauren da muke karatu, sai muka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro. Masu girkin duk sun zo, har da Gogo. Ba ki san ta ba. Bafulatana ce, ta girme ni nesa, ta fi kowa daɗewa a girkin makaranta, kuma a ajina ta koyi haɗa baƙi da furfura a kanta. Tun daga nan ba ta yarda a karanta mata komai. Ko allon shago ne sai ta tsaya ta karanta da kanta, masu keke na yi mata oda.

Da muryarki ta fito ta yi sallama, ta tambayi gida da yara da gajiya, sai na ji duk sun amsa. Gogo har da gyara mayafi. Ta ce, "Wannan yarinya yana da tarbiyya. Ɗan gidan waye?" Na ce rainona ce. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Yanzu jan biro. Duk wadda ta amsa daidai sai ki ce mata "ka yi daidai". Su ko a jikinsu, kin san Hausarmu ta nan, amma ni kunnena ya ƙi. Ki mai da shi "kin yi", wata rana kwas ɗin zai iya kaiwa Kano, kada a yi mana dariya. Sai hoton tukunya. Wannan 'yar mai hannu ɗaya ta Turawa ce. Bintu, wata mai baki a cikinsu, ta ce ko ɗanta na goye ba za ta ƙosar ba. Ki sa Zadok ya tsaya nan ya ɗauki hoton tukunyarmu a kan murhu. Darasin ajiye ragowar abinci kuwa ya tayar da gardama har na ce a yi shiru, wanda a wurina alama ce ya shiga.

Dukansu sun kai ƙarshe. Gogo ba ta faɗi tambaya ko ɗaya ba. Ta dai tafi da wuri ba ta tsaya hirar da ta saba ba, ina jin gajiya ce. Ki kwantar da hankalinki, aikinki ya yi kyau.

Ki gaida Zadok da 'yarki Tracy.

Addarki,
Kellumi

*

Shagari Low Cost, Jimeta

Adda,

Ina gaisuwa. Na gode da wasiƙarki, na karanta ta sau ba adadi, na karanta wa Zadok wurin da kika ce rainonki ce. Na gyara "ka" ɗin, tukunya ma ta shiga. Amma Adda, hankalina a tashe yake.

Rahoto ya fito. Ya nuna kowace mace da sunanta, ya nuna ta shiga, ya nuna makinta, amma a wurin kammalawa babu ko mutum ɗaya. Ko ɗaya! Har Gogo da ta cinye duka. A wurin kwamfuta, duk sun fara sun watsar.

Mista Fredrick ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "Edith, ka yi ƙoƙari, amma ka gani da idonka. Mutanen nan ba su saba ba." Ya ce zango ya kusa, ba zai saki abin da ba ya fitar da takarda ba. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ya ba ni, irin bayarwar da ake yi wa mara lafiya.

Ba abin da ban duba ba. Na buɗe a kwamfuta, na buɗe a waya, na sa Zadok ya yi, na sa Tracy ta yi da tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi. Duk wanda ya yi a gidan nan, takarda ta fito masa. Zadok yanzu yana da shaidar tsaftar abinci, mutumin da ke ɗanɗana miya da ludayi ya mayar. Abednego, mai kula da na'urorinmu, ya ce sabis ɗin Yola ne. To in sabis ne, ta yaya makin ya iso?

Kada ki ji haushina, Adda, amma dole in tambaya. Kin tabbata sun kai ƙarshen ƙarshe? Ko magariba ta yi aka tashi? Abinci ma ba ya shiga min. Ni na buɗe baki a gaban mutane na ce matan nan za su iya, kuma na san sun iya. In abin ya faɗi, su za su rasa aiki, ni ina zaune da albashina.

Taki,
Edith

*

Makama, Yola Gari

Edith,

Bayan gaisuwa. Da na karanta tambayarki na ji zafi, gaskiya. Ban taɓa sa hannu a kan aikin da ba a gama ba. Na ajiye takardar na yi alwala na yi sallah, sannan na sake ɗauka. Da na huce sai na ga tambayar tana kan hanya, don haka na bi sawu.

Gogo ba ta zo aji ba tun ranar gwajin. Jiya na je gidanta a bayan kasuwa. Na same ta tana tsince wake. Mun gaisa, ta kawo ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye irin nasu, sai da na ce ba zan tashi ba ta yi magana. Ga abin da ta ce, yadda ta faɗa:

"Malama, yarinyan nan ya gaishe ni, ya tambayi yarana, na zauna na ba shi hankalina. Duk abin da ya tambaya na amsa. Da aka gama sai ya yi shiru. Ba sannu, ba na gode. Sai ga jan abu ya fito da manyan baƙi. Na karanta da kaina, ba wanda ya karanta min. Fita. Ni, da shekaruna? In sun gaji da tsoho a aikin, su faɗa min a fuska."

Edith, matar nan kwana take tana tunanin an sallame ta. Ta ce a makaranta wanda aka ce wa fita, laifi ya yi, ita kuwa ba ta san nata laifin ba. Shi ya sa ta kashe wayar ta tafi.

Na tambayi sauran. Bintu ta ce ita ta ɗauka jan maɓallin na waɗanda suka faɗi ne, tunda ta ci me zai kai ta can? Wata ta ce jira take muryar ta dawo ta sallame su, da ba ta dawo ba sai ta rufe. Babu wadda ta taɓa shi. Kafin ki tambaya, ni ma da na gwada a wayata ban danna ba. Na zaci na wadda ta gaji ce take son ta bari a tsakiya. Yanzu ki gaya min, shin sai an danna wannan abin ne kwamfutarku take sanin an gama? In haka ne, to ba sabis ɗin Yola ba ne, ki gaya wa Abednego ya nemi gafarar garinmu.

Kin tarbi mutane a ƙofa kamar 'yar gidan mutunci, kika zaunar da su, sannan da za su tafi kika shige ɗaki kika aiko musu da kalma ɗaya. A gidanku na san ba haka ake yi ba, don ban taɓa zuwa Shagari ba ki raka ni har bakin titi ba.

Allah ya ƙara sauƙi.

Addarki,
Kellumi

*

Shagari Low Cost, Jimeta

Adda tawa,

Na gaishe ki, na kuma ba ki haƙuri a kan tambayar nan. Da na karanta wasiƙarki na yi dariya har Tracy ta leƙo, da na zo kan maganar Gogo sai dariyar ta tsaya, na yi hawaye.

Haka ne, Adda. Wannan maɓallin shi ne ke aika wa ofis cewa an kammala. A Turance kalma ɗaya ce a kansa, ba wanda yake jin komai game da ita, ni kuma na juya ta yadda take na wuce. Ja kuwa, haka manhajar ta zo da shi. Na kwashe makonni ina gyara gaisuwar farko, ban ba shafin ƙarshe ko minti ɗaya ba. Mu nan gidan mun saba da na Turanci, hannunmu ke dannawa ba tare da ido ya karanta ba. Su kuwa karantawa suka yi, kamar yadda kika koya musu.

Na kira Mista Fredrick na ba shi labari. Ya fashe da dariya, ya ce da mamarsa ce a Numan da ta jefa wayar a kogin Binuwai. Ya ce in gyara. Da na ce zan sa "Sai an jima", ya ce maɓallin ba zai ɗauki kalma uku ba. Na ce to maɓallin ne zai girma. Na faɗaɗa shi, na mai da shi kore. Na kuma sa Zadok ya ɗauke ni kamar buhu ya kai ni ɗakin ajiya, na ɗauki sabuwar murya ta bankwana.

Ga inda matsalar take. In aka gyara kwas aka sake ɗora shi, manhajar tana share abin da mutum ya yi a tsohon. Ke nan sai sun sake daga farko, duka, kuma oga ya ce matan farko yake son gani, ba wasu ba. Na san suna da aiki, na san na riga na ci musu yamma ɗaya. Kuma na fahimci in Gogo ba ta zo ba, sauran za su ja baya.

Ki je mata a madadina, Adda. Ki ce mata ba wanda ya sallame ta. Ki ce yarinyar ce ba ta iya magana ba, kuma tana neman gafara. In ta ƙi, ba zan ga laifinta ba.

Ƙanwarki,
Edith

*

Makama, Yola Gari

Zuwa ga ƙanwata Edith,

Bayan gaisuwa, ina fata ƙafa tana sauƙi. Na kai saƙonki. Gogo ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji, ba ta ce za ta zo ba. Ranar Alhamis har mun shimfiɗa tabarmi ba ta iso ba, matan suna ta kallon hanya, ba wadda ta buɗe waya. Can sai ga ta. Ta ce ita rakiya ta yi wa Bintu. Ta zauna a gefe ta ba mu rabin baya, amma na ga wayar a hannunta, cike da caji.

Da muryarki ta yi sallama ba ta amsa ba. Tambayoyin kuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, fuska a ɗaure. Da hoton tukunyarmu ya fito ta ce, "Yanzu aka yi magana," sai ta tuna fushi take ta sake ɗaurewa.

Ni dai ina tsaye a bayanta da aka zo shafin ƙarshe, kamar ni ake wa jarrabawa. Sai muka ji kin ce, "Inna, mun gode da kika ba mu lokacinki. Sannu da ƙoƙari, Allah ya huta gajiya. A gaida mutanen gida. Useko." Godiyarki ta Fulatanci dai sai a hankali, amma ta yi aiki. Gogo ta ce, "Za su ji." Ta kawo wayar kusa da ido ta karanta koren, baƙi bayan baƙi, ta ɗora babban yatsa ta danna. Sauran duk suka danna.

Takardar ta fito da sunanta. Ta ƙi a karanta mata shi. Bintu ta yi guɗa har Malam ya aiko a tambaya ko aure ake ɗaurawa.

Ki duba rahotonki, ki ci abinci.

Addarki,
Kellumi

*

Shagari Low Cost, Jimeta
Farkon watan Satumba

Adda Kellumi,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. An wallafa! Rahoto ya nuna dukansu sun kammala, Mista Fredrick ya sa hannu, kuma tun shekaranjiya masu girki daga Jimeta da Girei suna shiga suna fita da takardunsu. Kai, ba fita ba, na tuba, suna tafiya. Aikin kowa yana nan. Abednego ya ce a ba Yola haƙuri. Ni kuwa daɗi ya ishe ni, na rasa inda zan sa kaina, jiya na cinye tuwon Zadok ban ma yi ƙorafi ba.

Abu ɗaya ne ya rage da ban gane ba, kuma ina tsoron kada wata matsalar ce ta ɓuya. Sunan Gogo yana ta fitowa a rahoto. Kusan kullum da yamma sai a ga ta shiga, ta yi kwas ɗin daga farko har ƙarshe, ta ci duka, ta danna. Oga yana tambaya ko manhajar ce ke maimaita ta. Ko dai tana zaton takardarta ba ta zauna ba ne? Don Allah ki gaya mata sau ɗaya ya isa, kada ta ƙarar da datarta a banza.

Ki gaida Malam da matan aji, kowa da sunanta.

Taki har kullum,
Edith

*

Makama, Yola Gari

Edith,

Bayan gaisuwa. Manhajarku lafiyarta ƙalau, Gogo ce da kanta. Na gaya mata sau ɗaya ya isa. Ta ce ta sani, takardarta tana cikin akwati. Ta ce in rubuta miki wannan, kuma ta tsaya a kaina tana karantawa don kada in rage:

"Yarinya, kai ka ce sai an jima. To an jima, na dawo. Kullum in na zo, magana ɗaya kake min, na riga na haddace. Ba ka da wani karatun ne?"

Na isar. Ki fara rubutawa.

Addarki,
Kellumi